Hawan Ladabi

Kuna wurin. Kada wani ya ce mini labari ya ji. Da safiyar Asabar ɗin nan na gan ku a zauren wasa, ku da kuke zuwa kallon atisaye saboda ba a karɓar tikiti, kun baje a kujerun ƙasa, wasu da kofin shayi, wasu da waya a hannu. Kun ga yaro yana hawa matakalar 'yan kallo yana sauka har rigarsa ta manne da bayansa. Kun yi ta dariya, wani ma yana yi masa kiɗa da murfin kujera. Da ya durƙusa can sama yana amai, sai kowa ya tuna yana da saƙon da zai duba a waya. Da yamma kuma ku ɗin ne dai kuka yi masa ihu kuna cewa a cire shi. To ku tsaya ku ji abin da kuka kawar da kai daga gare shi.

Yaron ƙanena ne. Bahago ake ce masa, don da hagu yake komai, har gaisuwa sai an tuna masa. Ni ce mai kula da jikin 'yan wasan ƙungiyarmu ta ƙwallon kwando, bana na fara bayan na gama karatu. Ni ke ɗaure idon sawu, in sa ƙanƙara, in ce wane ya huta, wane ya daina lalaci. Yaran suna ce mini Likita, musamman ranar da suke son in ce wa koci ba za su iya gudu ba. Kocin kuwa kawunmu ne, ƙanin mahaifiyarmu. Shi ya fara ɗora wa Bahago ƙwallon kwando a hannu, shi ya sayo masa takalmin wasa na farko, wanda ya yi masa yawa har sai da aka cusa safa a gaba.

Ba don ƙanena ba ne zan ƙara masa gishiri. Hannunsa na dama bai da amfani sosai; idan aka tilasta shi ya bi dama, sai ka ga kamar aron hannun ya yi. Siriri ne, masu ƙiba suna ture shi a ƙarƙashin kwando. Wajen tsaro wani lokaci hankalinsa yana tafiya yawo. Amma bai cika ashirin ba, kuma yana da abin da ba a koyarwa: yana ganin inda abokin wasansa zai kasance tun shi abokin bai san zai je can ba. Dogo ne kamar masu tsayuwa a ƙarƙashin kwando, amma yana jan ƙwallo kamar gajerun nan masu raba wasa. Irin wannan yaro ba kowace shekara ake samunsa ba, kuma duk mai ido a harkar nan ya sani.

Shi ya sa da aka ce wata babbar ƙungiya ta ƙasar waje za ta turo mai duba 'yan wasa ranar Asabar, babu wanda ya tambayi wa za ta zo gani. Mutum ɗaya suke nema, kuma an kusa rufe ɗaukar sababbin 'yan wasa na bana. Ranar Juma'a Bahago ya wanke takalminsa, ya ajiye a taga, yana ta leƙawa ko ya bushe.

"Takalmin za su ɗauka ko kai?" in ji Mama.

"Mu biyu ne, Mama. Ba ya tafiya ba ni."

Da safiyar Asabar atisaye mara nauyi ya kamata a yi, a ɗan jefa ƙwallo, a miƙe jiki, kowa ya tafi ya kwanta. Ina jera bandeji a kan benci sai na ji Kawu ya busa usur.

"Bahago! Zo nan, babban mutum. An ce yau daga nesa ake zuwa ganinka."

Yaran suka ɗauki tafi. "Hawan ladabi! Hawan ladabi!"

Ban san mene ne ba sai da wani ya yi mini bayani yana dariya. Al'ada ce a ƙungiyar tun da daɗewa. Duk ɗan wasan da aka zo dubawa, safiyar ranar sai ya hau matakalar 'yan kallo da gudu tun daga ƙasa har kujerun ƙarshe na sama, ya sauko, ya sake, har sai koci ya ce ya isa. Wai don kada kansa ya kumbura, ya tuna cewa shi ma ɗan ƙungiya ne kamar kowa.

Na ajiye bandejin na nufi Kawu.

"Kawu, yau fa yana da wasa."

"A nan babu Kawu. Koci."

"To Koci. Cinyar da ta sha matakala da safe ba ta tsalle da yamma. Ba ra'ayina ba ne, haka tsoka take."

"Mun gode, Likita," ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Mu da ba mu je jami'a ba, da kunne muka yi tsalle a zamaninmu."

Aka kwashe da dariya, har da ku. Na juya wajen Bahago, shi kuwa har ya fara ɗaure igiyar takalmi.

"Yaya, don Allah bari," ya ce a hankali. "Kowa ya yi. So kike a ce don ni ɗan gida ne aka ɗaga mini ƙafa?"

Ya hau. Da farko yana tsallake matakala bibbiyu yana ɗaga muku hannu. Can sai ya koma ɗaiɗai. Can kuma sai ya fara dafa gwiwa da hannu yana tura kansa. Duk saukowar da zai yi sai ya kalli Kawu, Kawu kuma yana kallon agogon wuyansa kamar akwai wani abin karantawa a ciki. Na sake yin magana, aka ce idan na ƙara zan kalli wasan yamma daga waje. Sai da ya yi aman nan da kuka gani sannan usur ya yi ƙara. Ya sauko yana murmushi, wallahi yana murmushi, ya je ya rusuna wa Kawu, Kawu ya shafa kansa.

Na sa shi cikin ruwan ƙanƙara, na murza cinyoyin, na ɗura masa ruwa da abinci. Na yi abin da na iya, ina sane da cewa ba zai isa ba.

Mai duba ɗin ta iso ana gab da farawa. Dattijuwa ce doguwa, da ganin tafiyarta ka san gwiwoyinta sun yi wasa a da. Ba ta zauna a kujerun manya ba, ta samu wuri a gefe daidai tsakiyar fili, ta harɗe hannu.

Zango huɗu ake yi a wasa. A na farko Bahago ya nuna ko shi wane ne. Akwai ƙwallon da ya ja zuwa hagu, mutum biyu suka rufe shi, bai ko waiga ba ya wurga ta ta bayan kunnensa, ta faɗa hannun Kyaftin da ke shigowa da gudu. Kun tashi tsaye, na gan ku. Matar ba ta yi tafi ba, amma ta warware hannun nan da ta harɗe ta matso gaba.

A zango na biyu Kawu ya saba fitar da shi ya huta. Kullum haka yake yi, tun farkon kakar wasa. Ranar bai fitar da shi ba. Na je na tsaya a bayansa na ce, "Koci, ka ba shi numfashi." Bai juyo ba.

Mai kallo yana zaton hannu ke kai ƙwallo kwando daga nesa. Ƙafa ce. Da aka shiga zango na uku ƙafar ta ƙare. Ya jefa ta farko, ta daki bakin ƙarfen kwandon ta gaba ta dawo. Ta biyu ma haka. Ta uku ko ƙarfen ba ta taɓa ba. Yaron da aka ba shi ya tsare, wanda a ranar da Bahago ke da lafiya ba zai wuce shi ko a mafarki ba, ya riƙa wuce shi kamar turken lantarki. Nan kuka fara. "A cire shi! Baƙuwa ta ruɗa shi! Ya ga mace ya rikice!" Kawu ya bar shi a fili har usur na ƙarshe. Mun ci wasan da ƙyar, sauran yaran suka riƙe.

Bayan an tashi na kai shi ɗakin jinya, na ɗaura masa ƙanƙara a cinyoyi. Kyaftin yana kan ɗaya gadon yana yanke bandejin ƙafarsa. Na hango matar ta taho ta barandar da ke wajen ɗakin za ta fita, na bi ta, ban ko ja ƙofar ba.

"Ranki ya daɗe, ni ce mai kula da jikinsu. Yaya kika ga yaron?"

Ta tsaya ta dube ni sama da ƙasa. "Kuna kama. Yayarsa ce ke?"

"Eh."

"To ba zan yi miki kwana-kwana ba. Idonsa na da kyau. Na daɗe ban ga yaro mai tsayinsa da ke ganin fili haka ba. Hannun dama ana gyarawa, jiki ana ginawa, waɗannan ba su dame ni ba. Amma ba shi da ƙafa. A wajenmu gudun ya ninka na nan, wanda ya mutu a zango na uku a nan, can ba zai ga na biyu ba." Ta gyara jakarta a kafaɗa. "Kocinku dai mutumin kirki ne. Tun a waya ya ce mini in lura da zango na uku, nan yaron ke mutuwa kullum, wai tun yana ƙarami haka yake. Ba kasafai koci ke faɗa mini aibin ɗan wasansa ba, balle ɗan 'yar'uwarsa."

Bahago bai taɓa mutuwa a zango na uku ba. Duk kakar nan a zango na uku ya fi cin ƙwallo, kowane ɗayanku ya sani.

Na gaya mata abin da aka yi da safe. Ta juya tana kallon matakalar ta ƙofar zauren da ke buɗe.

"Na taɓa jin ana irin wannan," ta ce. "Amma ni abin da idona ya gani nake kai wa waɗanda suka aiko ni, ba abin da yayar yaro ta gaya mini a baranda ba. Kar ki ji haushi." Ta yi taku biyu ta tsaya. "Asabar mai zuwa zan dawo zauren nan, akwai wani dogo a ƙungiyar da za ta zo muku da nake son gani. Ido biyu gare ni, ba zan rufe ɗaya ba. Ban yi miki alkawari ba. Daga ranar kuma an rufe ɗaukar 'yan wasa."

Da na koma ɗakin, ruwan ƙanƙarar yana ɗiga ƙasa, Bahago yana zaune ya zuba wa ƙofa ido. Ya ji komai.

"Ƙila ba ta fahimce shi ba ne," ya ce. "Waya ce. Ƙila layin ne ba kyau."

Kyaftin ya yi wata dariya mara daɗi. Shi ne babba a ƙungiyar, har furfura ta fara masa a gemu.

"Ƙanena, ni ma na yi hawan nan lokacin ina kamarka. Ga ni nan ina yanke bandeji." Ya jefa bandejin a kwandon shara. "Ka tuna Tanki da ya tafi bara?"

"Na tuna."

"Ka ga ya hau matakala?"

"An ce ƙafarsa na ciwo ranar."

"Ƙafar Tanki? Wanda ko mota ta taka shi sai dai a duba motar? Koci ya gaji da rashin kunyarsa ne, yana son a kwashe masa shi. Kwana biyu yana kwance ana masa tausa kamar amarya." Ya sauko daga gadon yana ɗingishi. "Zauna ka lissafa da kanka. Ka taɓa ganin wanda ya yi hawan ladabi ya tafi?"

"Kuma ka sani ka yi ta tafi da safe?" na ce masa.

"Likita, ina da 'ya'ya," ya ce, ya ɗauki jakarsa ya fita.

Ofishin Kawu ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin matakalar, rufinsa a karkace, kullum yana warin roba da tsofaffin riguna. Muka same shi yana goge allon da yake zana dabarun wasa. Bahago ya tsaya a bakin ƙofa, sai da ya sunkuya don kada kansa ya bugi sama.

"Kawu, da gaske ka ce mata ina mutuwa a zango na uku?"

Kawu ya ci gaba da gogewa. Allon ya riga ya yi fes.

"Wa ya kawo maka wannan maganar? Wannan mai bakin?"

"Da kunnena na ji, Kawu."

Ya ajiye tsumman ya zauna. Bai musa ba, kuma wannan ne abin da ya fi yi mini ciwo: ko wahalar yin ƙarya bai yi mana ba.

"Ba ka isa tafiya ba tukuna," ya ce. "Na san can, na je ina kamarka. Za su ajiye ka a benci ka yi ta miƙa wa wasu tawul, ba mai jin yarenka, ba mai tambayar ko ka ci abinci. Na dawo da gwiwa ɗaya, ba wanda ya tare ni a tasha. Shekara ɗaya kawai nake so. Idan ka tafi yanzu ƙungiyar nan ta faɗi daga rukuni, ni a kore ni, yaran nan duk su watse. Ka yi tunaninsu? Baɗi da hannuna zan kai ka."

"Haka ka ce wa Kyaftin?" na tambaya.

"Ke, ba da ke nake ba."

Bahago bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga.

"Da ka gaya mini, Kawu. Da ka kira ni ka ce, zauna bana, ina buƙatarka, wallahi da na zauna. Ko tambayarka dalili ba zan yi ba. Amma ka sa na yi amai a gaban mutane, na sauko na rusuna maka, ka shafa kaina."

Kawu ya kawar da kai. Ya jawo wata tsohuwar ƙwallo da ke ƙarƙashin tebur yana matsa ta da yatsa kamar yana duba iska.

A gida Mama ta ƙi saurara. "Ƙanena ba zai cuci ɗana ba. Shi da ya goya shi a wuya? Ke dai tun da kika dawo daga makarantar nan kowa jahili ne a wajenki." Ta zuba wa Bahago abinci, ya ce ya ƙoshi. Da ya tashi zai hau sama ɗakinsa, ƙafafun suka ƙi lanƙwasuwa. Ya zauna a matakalar farko, ya riƙa jan jiki da baya, yana ɗaga jikinsa da hannu daga wannan matakala zuwa waccan kamar ɗan da bai fara tafiya ba. Mama ta tsaya da cokali a hannu tana kallonsa har ya shige. Amma ba ta kira ƙanin nata ba, kuma na san ba za ta kira ba.

Ranar Litinin labari ya kai wa Kawu cewa matar za ta dawo. Ya tara yara a tsakiyar fili ya ce al'ada al'ada ce, baƙo ya sake zuwa, hawa ya sake zuwa. Bahago yana tsaye a cikinsu, Kawu bai kalle shi ba.

Ku duba tarkon da kyau. Idan Bahago ya ƙi hawa, ya yi wa koci rashin ladabi, doka ta ba Kawu dama ya zaunar da shi a benci, matar ta zo ta tafi ba ta ga komai ba. Idan ya hau, ta ga abin da ta gani wancan karon, ta tabbatar Kawu mai gaskiya ne. Na je wajen shugaban ƙungiya, ya ba ni ruwan sanyi, ya ce harkar atisaye ta koci ce, ya tambaye ni lafiyar Mama. Na bi yaran ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kalli takalminsa. Ban ga laifinsu sosai ba, abincinsu a hannun Kawu yake.

Naku ba ya hannunsa. Ba zai iya ajiye ku a benci ba, ba zai iya korarku daga aiki ba. Wurin 'yan kallo naku ne, ku kuka cika shi shekara da shekaru, kuna tafa wa abin da ya tsufar da Kyaftin a nan, kuna kiran sa ladabi don sunan ya fi daɗin ji.

Jiya na samu Bahago shi kaɗai a fili bayan an tashi, yana jan ƙwallo da hannun dama, tana ƙwace masa, yana bin ta yana sakewa. Na ce masa ya je ya huta. Ya ce, "Yaya, idan aka busa usur ranar Asabar, ban san abin da ƙafata za ta yi ba. Ta saba jin maganarsa."

To kada ku bari a kai ga tambayar ƙafarsa. Ranar Asabar ku zo da safe kamar yadda kuka saba, ku zo da shayinku da wayoyinku, ku zo da 'ya'yanku da maƙwabtanku. Amma kada kowa ya zauna a kujera. Ku zauna a kan matakalar, tun daga ta ƙasa har ta ƙarshe can sama, kafaɗa da kafaɗa, kada ku bar inda ƙafa ɗaya za ta taka. Idan Koci ya busa usur ya ce ku tashi, ku gaishe shi da ladabi, ku ci gaba da zama har a tashi daga atisaye. Ku zo.